Zoɓona ya tashi a gidan suna

Jama'a, yau ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige!

Na samu abarba da araha a kasuwar Lewisham, nan ƙasar Turawa, na haɗa zoɓo don sunan ɗan ƙanwata. Firij ya cika, sai na jera robobin kusa da boiler, injin dumama ruwan gida, tun farkon mako, ga zafin bazara.

Liman yana shafa addu'a, na buɗe masa roba ɗaya. Fuuu! Kumfa har gemunsa! Ya shinshina, ya ce, "Subhanallahi! Hajiya, wannan ai giya ce."

Sai Baba Bitrus, maƙwabcin ƙanwata ɗan Jos, ya kurɓa, ya lumshe ido, ya ce, "Hajiya, kar a zubar. Ashe hannunki ya iya!"