Maitama da Zaren Malama Rita

Maitama mai awon gero ne a kasuwar hatsi ta Kaura Namoda. Shekara talatin yana kan tiya, kuma ya yi imani babu ma'aunin da ba a taɓa bubbuge wa gindi ba.

Ɗansa na fari tamowa ta ɗauke shi yana shekara biyu. Maitama ba ya zancen. Sai dai da aka haifi Hamdiyya ya sa ta gaba da ciyarwa: fura da safe, fanke a hanyar makaranta, lemon kwalba bayan la'asar. Tana shekara tara maƙwabta suka fara ce mata Hajiya, shi kuwa har wani gyara hula yake.

Ran nan Malama Rita, ma'aikaciyar jinya, ta je makarantarsu da ƙullin zare. Takan yanke zare daidai tsawon yaro, ta ninka biyu, ta zagaya masa a ƙugu. In baki biyu sun haɗu, lafiya lau. Na Hamdiyya saura yatsa huɗu. Aka ba ta takarda ta kai gida.

Washegari sai ga Maitama a asibiti da Hamdiyya, riƙe da igiyar ɗaurin buhu.

"Malama, zarenki na da ha'inci. Ni ma da awo nike ci."

Ta bar shi ya auna da tasa. Yatsa huɗun nan dai.

"Baba, zare ba ya faɗin cuta. Cewa ya yi a duba jininta da sukari, don kitsen ciki na wahalar da zuciya. Ƙugu kada ya wuce rabin tsawo."

Maitama ya yi nazari. Ashe abin da sauƙi. Bayan mako ya dawo da Hamdiyya cikin takalmi mai tudu da ɗaurin ɗankwali kamar tulu.

"Baba, amarya ka kawo mini ko awo? Hamdiyya, cire su."

Ta cire. Zare ya sake ƙin haɗuwa. Maitama ya zauna a benci.

"Malama, na rufe ɗaya don rama. Yanzu ƙiba ma?"

"Shi ya sa muke aunawa tun da wuri, Baba."

Da kansa ya naɗe wa ɗiyar hannun riga aka ɗibi jini. A bakin ƙofa mai keke ya tsaya.

"Alhaji, gida?"

"Wuce. Da ƙafa za mu."

Hamdiyya ta yi ta ƙunƙuni har suka tsallaka layin dogo, takalmin a hannun ubanta.