Manjan Kajin Saje

Ana gab da Kirsimetin 2004 fiya-fiya ta kayar da ni a ɗakin kaji a Basawa. Ku sababbin shiga wannan aiki, ku saurara.

Lokacin ina yi wa wani saje mai ritaya kiwon kaji a bayan gidansa. Ƙwarƙwata ta kama su. Suka daina ci, suka koma fizgar gashin jikinsu. Ga masu saye sun fara leƙowa.

Yadda ake yi shi ne a fito da kaza waje, a haɗa fikafikanta a hannu ɗaya, a juya wa iska baya, a shafa mata garin magani har ya taɓa fata, sannan a ƙone tsohuwar shimfiɗa. Saje ya ce ba a yaƙar abokan gaba ɗaya bayan ɗaya. Ya sayo fiya-fiya a kasuwar Sabon Gari, ruwan nan na kashe kyankyaso, ya miƙo mini da famfon feshi.

"Shiga ka rufe taga. Kada ko ɗaya ta tsere."

"Oga, ni fa?"

"Kai ƙwarƙwata ne?"

Na shiga, ya sa sakata ta waje. Na yi ta fesawa. Idona ya kawo ruwa, yawu ya cika mini baki, ƙafafu suka ƙi ɗaukata. Na doki ƙofa da famfon.

Da ya buɗe, tsallake ni ya yi yana ƙwala wa matarsa kira: "Maman Ɗanladi, kawo manja!" A unguwar, duk wanda guba ta shiga manja ake ɗura masa. Ina kwance ina kallo, shi yana buɗe bakin kaza, ita tana ɗurawa da cokali. Da layi ya zo kaina ta leƙa kwalbar.

"Baban Ɗanladi, ya ƙare."

"A ba shi ruwa. Ai namiji ne."

Wani maƙwabci ɗan acaɓa ya ɗaure ni a bayansa da zane ya kai ni asibiti. Likita ta ce da an ɗura mini manjan a wannan hali, da ya bi ta huhuna ya ƙarasa ni. Ashe kajin da suka shanye manjan, su suka cece ni. Fiye da rabinsu sun mutu. Ƙwarƙwatar kuwa ta dawo, don ƙwanta bai ji feshin ba.

Saje ya zo duba ni. Ya tambaya a ina na yar masa da famfo.

A wannan sana'a, abin da za a sayar shi ake fara ɗauka. Kai ba a sayar da kai. Don haka ka ɗaure hancinka, ka yi aikinka a fili, kada ka jira wani ya tuna kana numfashi.

Yanzu ina figar kaji a kasuwar Samaru da rabin ƙirji. Yana isata.