Kwalba a Gidan Makokin Seydou

Daga Allah muke, kuma ɗaya bayan ɗaya gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris na 1997, jim kaɗan bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Malam Seydou, mutumin Maradi, wanda ya shekara takwas a nan Greensboro ta Amurka. Zuciyarsa ce ta tsaya yana cikin ɗaga kwali a siton shagon da yake aiki, kusa da unguwar Sedgefield. Ya bar matarsa Tchima da 'yarsu Houda. Shagon na sayar da giyar inabi ne, kuma wannan kaɗai mutanenmu suka riƙe daga cikin dukan rayuwarsa. Tun ranar ake ta cewa mashayi ya mutu a tsakiyar kwalabensa. Ni Hudu, mai koyar da ilimin ƙasar noma a jami'a a garin nan, na ɗauki alƙalami ne in ce ƙarya ne, domin babu wanda ya kai ni sanin ƙarya ne.

Seydou, yau wata guda ke nan da muka kai ka makwancinka. Mu goma sha ɗaya muka yi sahu a kanka. Goma sha ɗaya, Seydou! A garin da in ana suna ba a samun wurin ajiye mota. Ina waɗanda suka sauka a tashar bas ta cikin gari da lambar wayarka a takarda, ba su san gabas ba, ba su san yamma ba? Wa ya je ya ɗauko su? Falonka na bayan Wendover Avenue, mutum nawa suka kwana a kan kafet ɗinsa har suka samu aiki? Kai ka koya wa rabinsu tuƙi da safiyar Lahadi a filin ajiye motoci, kana dariya idan sun hau kan dakali. Kai ka san manomin da yake sayar mana da raguna, kai kake zuwa ka zaɓo, ka yanka, ka feɗe, ka bi gida gida kana rabawa. Ga Babbar Sallah ta matso, bari mu ga wanda zai yi wannan wahalar bana. Duk shekarun nan ba wanda ya taɓa cewa hannunka na warin giya, sai da ka kwanta ba ka iya magana.

Ba zan mai da haram halal ba, kai ma ba ka taɓa yi ba. Ka san abin da aka ce game da mai ɗaukar ta, ba mai shan ta kaɗai ba. Ka sha gaya mini cewa aikin nan ƙaya ne a ƙafarka. Sau uku na san ka nemi aikin sito a manyan kantunan Wendover, suna duba shekarunka da bayanka mai ciwo su ce za su kira. Wani dattijon Bature mai suna Malachy ne ya ɗauke ka, saboda kana karanta Faransancin da ke jikin kwalabe, kuma ka taɓa aikin otal a Yamai. Wannan tsakaninka da Ubangijinka ne, Shi ya san abin da ke zuciyarka. Amma zancen sha, wallahi ko ɗigo bai taɓa wuce leɓenka ba.

Mai karatu zai ce ina na sani. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Na sani ne domin shekara uku ina zaune a teburin da Seydou yake zuba wa giya.

Kowace Alhamis da la'asar wasu mutum takwas ko tara sukan taru a ɗakin bayan shagon Malachy, likitoci da lauyoyi da malaman jami'a, yawancinsu daga filin golf suke zuwa. Masu son jar giya ne, irin son da ya zama musu kamar addini. Sai a naɗe kwalabe a cikin takarda don kada a ga sunansu, a zuba kaɗan kaɗan, kowa ya juya kofinsa, ya shinshina, ya kurɓa, ya faɗi ƙasar da aka yi ta da shekarar da aka tsinki inabinta. Wani abokin aikina ne ya fara kai ni. Ranar farko na ɗaga kai in karɓi kofi, sai na ga fuskar da nake gani a sahun Juma'a. Kai ne, Seydou. Ka zuba mini kamar ba ka taɓa ganina ba. Da zan fita ka riƙe mini ƙofa, ka ce da Hausa, murya ƙasa ƙasa, "Malam Hudu, ban gan ka ba." Kuma har ka koma ga Allah ba ka gan ni ba.

Gardamar teburin nan ba ta ƙarewa. Akwai wani lauya mai ƙaton ciki da ya rantse ba a taɓa yin giya irin ta yankin Bordeaux na Faransa 'yar shekarar tamanin da biyu ba, wani kuma ya ce ai ta casa'in za ta binne ta in an ba ta shekara goma. Wata likitar haƙori ba ta son jin zancen Bordeaux sam, ta ce duk ɗaure baki ne da fahariya, ita dai a ba ta ta yankin Bourgogne, mara nauyi, wadda sai ka yi shiru kake jin ta. Ni kuwa ta California nake so, baƙa wuluk, mai kauri, wadda ke cika baki. A kan wannan sai manyan mutane masu furfura su yi ta ɗaga murya, wannan ya ce ta yi tsami, wancan ya ce ba ta nuna ba, a bar ta ta kwanta. Idan abin ya gagara sai Malachy ya kira ka.

Ba ka kurɓa. Kofin kawai kake ɗauka, ka wuce da shi ƙarƙashin hancinka sau biyu, ka ajiye. Mahaifinka turare da kayan yaji yake sayarwa a kasuwar Maradi, a cikin buhunan kanumfari da masoro ka tashi, hancinka ba ya mantuwa. Sai ka ce musu wannan tsohuwa ce, ta Faransa, ta haura shekara goma sha biyu, wannan kuma yarinya ce, rana ta dake ta da yawa. Sau tari sai a yaye takarda a tarar haka ne. Akwai ranar da lauyan nan ya kawo wata kwalba da ya yi shekaru yana tattalinta, kowa ya kurɓa yana yabo don kada a ɓata masa rai. Kai kuwa ka shinshina ka ce ta lalace, matoshinta ya ruɓe, warin jiƙaƙƙen kwali take yi. Sai likitar nan ta tofar da tata a bokiti ta fashe da dariya.

Idan mun keɓe a bakin mota sai ka fassara mini da Hausa abin da ba ka gaya musu ba. Tsohuwar Bordeaux, ka ce, ƙamshin rumfar dukawa ce, fata da hayaƙi. Ta Bourgogne kuwa zoɓo ne da aka jiƙa da safe, da ƙasar da ruwan farko ya taɓa. "Bon, Malam Hudu," ka ce da ɗan Faransancinka, "in da ana ajiye ta don ƙamshi kawai, ita zan zaɓa, ba ta da surutu. Kai kuma Bakano, kai dai a cika maka yaji." Daga nan sai fuskarka ta canza, ka ce, "Ka bar abin nan. Ni wahala ta kawo ni nan, kai me ya kawo ka?" 

Yanzu ga yadda sunanka ya ɓaci. Bara, cikin bazara, na sayi kwali guda na giyar da nake so. Na ji tsoron a gan ta a motata, sai na roƙe ka ka kai mini gida idan ka tashi aiki. A hanya ka tsaya ka rage wa Alhaji Hassoumi hanya, dattijon da muke ba wa gaba a duk taronmu, yana tsaye da kayan cefane. Ya buɗe bayan mota zai sa kayansa, ya ga kwalabe goma sha biyu. Ya tambaye ka na wane ne. Kalma ɗaya ce da za ta wanke ka, sunana. Ka yi shiru. Kafin mako ya zagayo magana ta gama gari, cewa Seydou ba ɗauka kawai yake yi ba, har gida yake kaiwa. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni na ja, kai ya doka, ni kuma ina sahun gaba da farar riga ana ce mini Dokta. Na zo maka da kame-kame, ka ce in bari, kai an riga an san inda kake aiki, ni kuwa ina da mutuncin da zai zube. Na karɓi wannan kyautar ban ji kunya ba.

Sai ranar sadakar uku. Tchima da matan da suka tsaya mata sun dafa shinkafa da yawa, don tana sa ran waɗanda ba su zo jana'iza ba za su zo addu'a. Kuma sun zo, falon ya cika, har da Alhaji Hassoumi. Na ce a raina Allah Ya rufa asiri. Ana cikin salati aka ƙwanƙwasa ƙofa. Malachy ne da likitar haƙorin nan da lauyan, cikin baƙaƙen kaya, idanunsu jajur. Tsakani da Allah sun yi kukan rashinka fiye da wasu namu. Amma shekara shida kana musu hidima, ba wanda ya taɓa tambayar abin da ake kai wa gidan Musulmi idan an yi mutuwa. A al'adarsu abin da mutum ya fi daraja shi ake kawowa. Malachy ya tako da takalminsa har tsakiyar kafet, ya ajiye kwalbar Bourgogne 'yar casa'in, an ɗaura mata baƙin ƙyalle a wuya, a gaban malamin da ke jan addu'a.

Malachy ya yi jawabi da Turanci. Dattawa suka juyo gare ni, wai ni ne mai Turancin da zai fassara. Malachy ya gan ni, fuskarsa ta washe, ya buɗe baki zai gaishe ni irin ta abokin zama. Na miƙa masa hannu kamar yau na fara ganinsa, shi kuma ya gane, ya haɗiye maganarsa. Sannan na fassara. Na ce sun ce a cikin dukan giyar shagon wannan Seydou ya fi yabo, kuma ba a taɓa yin wanda ya san giya kamarsa ba. Gaskiya suka faɗa, ni ma daidai na fassara. Saura jimla ɗaya da ta rage in ƙara, cewa da hanci ya san ta, ba da baki ba, ni shaida ne. Jimlar tana kan harshena, na danne ta.

Alhaji Hassoumi ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya ce, "To, jama'a, kun ji da kunnenku." Mutane suka bi shi suna neman takalmansu. Cikin minti biyar falon ya koma mu shida, ga tukwanen shinkafa ko buɗewa ba a yi ba. Baƙin nan uku suna tsaye suna kallon juna, ba su san abin da suka yi ba. Daga bayan labulen ɗaki Tchima ta kira ni. Ta ce, "Malam Hudu, kai abokinsa ne, kuma kai mai ilimi ne. Shekara goma sha tara ina tare da shi ban taɓa jin warinta a bakinsa ba. Don girman Allah ka gaya mini, yana sha?" Seydou, ka san abin da na ce wa matarka, kana kwana uku a ƙasa? Na ce, "Allah ne masani."

Ina jin haushin waɗanda suka ci naman hannunka suka ƙi tsayawa a kan gawarka. Ina jin haushin waɗanda suka yi shekaru suna alfahari da hancinka ba su san ko wane ne kai ba. Amma su duka jahilci ne ya ja su. Ni da sani na yi, kuma na tsani kaina a kan haka.

Tchima, ga amsarki, a rubuce, da sunana a ƙasa, kuma zan raba takardar nan da hannuna a ƙofar masallaci ranar Juma'a. Mijinki bai sha ba. Kwalaben da Alhaji Hassoumi ya gani a motarsa nawa ne, ni na sha su. Ki gaya wa Houda ta ɗaga kanta. Ban nemi ki yafe mini ba, ban kai nan ba tukuna.

Jama'ar Greensboro, ranar Lahadi ashirin ga Afrilu za a yi addu'ar arba'in a gidan mamacin. Wanda ya ƙaurace don kada ya zauna a gidan mashayi, to ya zo, babu mashayi a gidan, ba a taɓa yi ba. In kuwa zama kusa da ni ne ba ku so, ku shiga ku cika falon, ni zan tsaya a waje.

Ya Allah, bawanKa Seydou ya zo gare Ka. Ka san abin da hannunsa ya ɗauka, Ka san abin da bakinsa ya ƙi, Ka san asirin da ya rufa har ya shiga kabari da shi. Ka rufa nasa ranar da asirai za su tonu. Ka gafarta masa, Ka yalwata makwancinsa, Ka shayar da shi daga abin shan da Ka tanadar wa masu haƙuri. Ka ba Tchima da Houda da 'yan'uwansa na Maradi juriyar wannan rashi, Ka zama gatansu a ƙasar da ba tasu ba. Mu kuma da muka rage, Ka sa mu cika da imani, Ka ba mu kunyar da muka rasa. Amin.

Hudu
Greensboro, Afrilu 1997