Ranar da Na Tsokano Fulanin Kara

Har gobe ban manta da wata ranar kasuwar Gwiwa ba, lokacin ina mai shela a sashen lafiya. Aikin mai shela, ga wanda bai sani ba, ihu ne da lasifika. Ni da na tsaya a aji uku na firamare, a nan kaɗai na fi likita.

Mun kafa rumfar gwajin cututtukan da ake ɗauka ta saduwa. A soki yatsa, a ɗebi jini kaɗan, a gaya wa mutum sakamakonsa shi kaɗai a bayan labule. Amma har azahar ba wanda ya leƙo. Shugabarmu, Malama Hadiza, ta ce, "Baba Modu, in la'asar ta yi a haka, tattarawa za mu yi."

Ina bayan motarmu sai ga wani saurayi Bafulatani, Buba, ya durƙusa ya gaishe ni. Murya ƙasa-ƙasa ya ce fitsari na yi masa zafi, ga bikinsa ya matso. "Baba, ina son shiga, amma kawun yarinyar yana kasuwar nan. In ya gan ni ni kaɗai, kashina ya bushe."

To ni Babarbare ne, wasa ne tsakaninmu da Fulani tun kakanni. Na saɓi lasifika sai kara, inda ake cinikin shanu.

"Jama'a, ku zo ku ga abin kunya! Masu cika bakin shan bulalar sharo, yau 'yar allura ta kore su!"

Wani mai sanda ya zabura: "Kai tsohon Babarbare, wa ka ga ya gudu?"

"To ku biyo ni mana!"

Wallahi sai ga samari duu, layi har bakin titi! Amma suka kafe sai an fara da ni. Ana sukar yatsana na ƙwala salati, kasuwa ta kwashe da dariya.

Buba na tsakiyarsu. Da ya fito, maganinsa a aljihu, ya fi kowa ihun "Matsoracin Babarbare!" Ya damƙi hannuna ya matse.

Ku sababbin shiga aikin nan, ku riƙe wannan: samari ba gwajin suke tsoro ba, idon jama'a ne. Ku samar musu taron da za su ɓuya a ciki, ko da ku za a yi wa dariya.