Garin Kuka a Lagireto

Ni da hannuna na daka kukar da ta kashe motar. Wannan ba zan ɗora wa kowa ba.

Tsohuwar akori-kura ce. Mijina ya rasu ya bar mana ita, da lambu ɗaya a fadamar Ƙarfi, da 'ya'ya huɗu waɗanda ba wanda ya isa riƙe garma. Ƙaninsa ke tuƙa motar. Wansa kuma, Alhaji, shi ke riƙe da amanar gadon marayu. Da na fita takaba na ce ni zan noma lambun. Alhaji ya dube ni kamar na ce zan ja sallar Juma'a. Da ya ga ba zan tashi daga zaurensa ba, ya ce, "Rani ɗaya na ba ki. In kin kai tumatir kasuwa lafiya, ki ci gaba. In kin kasa, in ba wanda ya iya."

Lagireton motar, wato tankin ruwan da ke sanyaya inji, yana yoyo tun mijina na da rai. Maganin da direbobin garinmu suka sani shi ne garin kuka: a zuba cokali biyu, ya kumbura a ciki, ya toshe hujin. Duk mako ƙanin mijina zai leƙo madafi ya ce, "Matar Yaya, a sam mana miyar mota." In ba shi, har da tankaɗewa. Ruwa kuwa duk wanda hannunsa ya kai: na rijiya, na kududdufi, na kwarin lambu da lakarsa.

A lokacin na shiga ajin yaƙi da jahilci a Malumfashi, na haura arba'in. Wanda ya koyi karatu da furfura ba ya barin takarda ta wuce shi. Na tsinci littafin motar a aljihun gaba, ya sha baƙin mai. Turanci ne, sai na kai wa malamarmu. Ta bi shi da yatsa tana fassara mini: ba kowane ruwa ake zubawa a lagireto ba, akwai wanda aka haɗa don ya hana tsatsa, kuma lokaci-lokaci ana zubar da tsohon a wanke cikin.

Na dawo na gaya wa direbanmu. Har da tafi.

"Ranki ya daɗe, injiniya! Wata shida a aji har an fara gyaran mota?"

"Buɗe murfin lagireton in gani."

Ya buɗe. Ruwan ja ne jawur, da kauri, kamar an dama jar ƙasa za a yi yaɓe.

Na ce, "Tukunyata ta yi haka, ko kare ba zan dafa wa abinci a ciki ba."

Ya ce, "Littafin nan na ƙasar sanyi ne. Wannan mota Bakatsiniya ce, kuka take sha."

Mako na zagayowa ya leƙo madafi, na ba shi. Ni da na san abin da littafi ya ce. Ban iya tuƙi ba, mabuɗi yana aljihunsa, Alhaji kuma ya ce bare ba zai taɓa sitiyarin ɗan'uwansa ba. In ya yi fushi ya jingine motar, wa zai kai mini taki? Sai na zaɓi zaman lafiya, cokali biyu duk mako.

Tumatir ya yi kyau a ranin nan, wallahi ya yi. Muka loda kwanduna da sassafe, za mu cim ma tirelar Kudu da ke tashi daga Funtua kafin azahar. Mun wuce Bakori kaɗan sai tururi ya taso ta gaban gilashi. Allurar zafi ta daɗe da mutuwa, ba abin da ya gargaɗe mu. Ya faka, ya naɗe hannu da tsumma ya buɗe murfi, ya juye jarkar ruwan sanyi a kan injin da ke tafasa. Na ji wani abu ya ce ƙas a ciki. Ya murɗa mabuɗi. Shiru.

Ba inuwa a wurin, sai gonakin da aka girbe. Bas-bas suna wucewa cike maƙil. Masu babur suna tsayawa su ce sannu, su dubi kwanduna, su wuce. Ni kaɗai da na hau babur na tafi, amma in je Funtua in sayar da me? Na cire mayafina na rufe kwandunan sama. Azahar ta yi ina tsaye. Daga nan ruwa ya fara ɗiga ta ƙasan motar, na leƙa, ba na lagireto ba ne. Tumatirina ne.

Bakanike bai iso ba sai bayan la'asar. Ya kwance tiyon ƙasa. Abin da ya fito ba ruwa ba ne, jar laka ce mai yauƙi, tana ja kamar miya. Hancina ya gane ta kafin idona. Ya zura waya a bututun, ta ƙi shiga.

"Hajiya, wa ke girki a nan ciki? Tsatsa ta cinye hanyar ruwa, kuka ta liƙe sauran. Kan injin ya tsage."



Na taka zuwa wani gida can gaba a bakin hanya na ari wuƙa. Matan gidan suka fito da nasu, ba su tambaye ni komai ba. Muka yanka abin da bai ruɓe ba, muka shanya a kan buhuna don ya zama kauɗa. Sauran awaki suka samu.

Kwana uku bayan haka Alhaji ya kira ni zaure. Ya ce ƙaddara ce, amma dai na ga abin da yake faɗa, harkar nan ta maza ce. Ban yi shiru ba. Na ce mace ce ta noma tumatirin, namiji ya dafa shi a kan titi. Na ce na karanta, na faɗa, aka yi mini tafi.

Ya bari na gama tsaf. Sannan ya ce, "To, Malama, da kika karanta, wa ya ci gaba da ba da kukar?"

Na tashi na fita daga zauren.

Alhaji ya ba wani lambun, albasa ake nomawa a ciki yanzu, ina ganinta in zan wuce. Motar tana ƙofar gida a kan duwatsu, kaji na ƙwai a mazaunin direba. Littafin yana ƙasan akwatina. Na iya karanta shafin nan yanzu ba tare da malama ba.