Kyanwar Mama ta Ɗakin Ƙarshe

Duk abin da zan manta a duniya, ban da kyanwar nan. Lokacin muna jihar Gongola, ina ɗinki a wani gidan haya a Lokuwa. A ɗakin ƙarshe akwai wata tsohuwa daga duwatsun Michika, kowa Mama yake ce mata. Ba ta da kowa sai kyanwa.

Kwatsam kan kyanwar ya fara rawa. Tana tafiya kamar ta sha burkutu, ta tsaya gaban bango ta ƙura masa ido har a sauke tukunya. Matan gidan, da yake duk likitoci ne, nan take suka gano ciwon: maita. Mai gidan ya ce ko kyanwa ta fita, ko su fita tare.

Ni na raka Mama wurin likitan dabbobi, kyanwa a kwando. Ya jujjuya ta, ya haska idonta, ya ce, "Mama, ƙwaƙwalwarta ce ke lalacewa a hankali. Da ciwon aka haife ta, ni ma a littafi kawai na san shi. Babu magani. Ganinta ya kusa tafiya, kada ki canza mata ɗaki, nan kaɗai ta sani."

Na kawo bayani gida, aka ce ai mayya ba ta rasa likita. Kai, mutane!

Mama ta ƙi tashi. Aka daina gaishe ta, aka janye yara, har igiyar shanya aka raba. Ita dai tana ba kyanwarta kunu da cokali. Sai aka yanke cewa ransu ɗaya ne, ranar da kyanwa ta mutu Mama za ta bi. Mai gida ya ce to a jira, an hutar da shi kora.

Da damina kyanwa ta mutu. Gida ya yi tsit, masu zuwa kasuwa suka fasa. Mama ta binne abarta, ta yi wanka, ta ci tuwo har da ƙari. Aka yi ta jira, ko tari ba ta yi ba.

Kunya ta kai mai gida ƙofarta. "Mama, a yi haƙuri, ki yi zamanki." Ya tarar ta ɗaure kaya.

Ta ce, "Ɗana, dama don kyanwar na zauna. Ita ba ta ganin hanya, ni ina gani."

Ni na kai ta tasha, wallahi da kuka na dawo. Tun ranar na gane ban haƙuri ma yana da lokacinsa. In ya wuce, sai dai ka taya ɗaukar kaya.