Yadda Ba Shiga Ta Dawo Kaina

Ni ban taɓa zama a aji ba, ban iya riƙe biro ba. Wannan magana faɗa nake yi ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini ita don ta yi daɗi. Sunana ba zai amfane ku da komai ba. A wani ƙauye nake tsakanin Kura da Bunkure, kuma duk wanda ya tashi a can ya san ni da Iya dillaliya.

A duk rubutun duniya guda ɗaya na iya ganewa, wanda ake yi da fenti ko gawayi a jikin zaure: Ba Shiga. Maza yake tsayarwa. Ni kuwa sai in wuce ta ƙarƙashinsa da ƙunshina a ka, atamfa da zannuwan gado da kwanuka da turare, in yi sallama tun daga soro, a ce mini, "Iya, shigo mana, ke ma sai an yi miki iso?" Mata kan bar ni a ɗakinsu su tafi duba tukunyar shinkafar da suke turarawa. Ban taɓa ɗaukar ko allura ba. Mijina ya rasu, ɗana yana kudu yana bin motar tumatir, ni da matarsa muke gidan. Ba mu da yawa, amma ba mu kwana da yunwa.

Abin da nake taƙama da shi ido ne. In na kalli mutum sau ɗaya, na san abin da ya kawo shi. Ku riƙe wannan, domin idon nan ne ya kai ni ya baro.

Akwai wani Sale, mai gyaran injin ban-ruwa a bakin titi, ɗan ƙawata ce da ta rasu. Wata rana ya miƙo mini waya, ya ce, "Iya, ki shigar mini da ita cikin gidaje." Na ce, "Ta wa ce?" Ya ce, "Tsintuwa." Na kalle shi, ya kalli ƙasa. Na san ba tsintuwa ba ce. Amma na ce a raina ai ba ni na ɗauko ba, na sa ta cikin ƙunshi. Daga waya sai rabin buhun taki. Daga rabi sai cikakke. Ban sake tambayar na wa ne ba, shi ma bai sake wahalar da kansa wajen yi mini ƙarya ba.

Da rani ya kama, aka dasa tumatir, sai ya zo da babbar magana. Masu gona a bakin kanal ruwa yana zuwa musu da ƙafarsa, amma na can nesa sai da inji, kuma da yawa a gona suke barinsa a rufe da ciyawa. Sale ya san kowane inji, tunda shi yake gyara su. Matsalarsa wurin ajiya. Ya ce, "Iya, gidanki gidan matar aure ne. Wa zai shiga?" Sai ya riƙa sa inji a buhu, ya turo a baro da rana tsaka kamar shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, ya ajiye a zaure. Ni kuma in ja shi zuwa ɗakina, in tura ƙarƙashin gado, in saki zanen gado har ƙasa. In ya sami mai saye daga wata jiha, ya kira ni a waya, in fito da shi. Matar ɗana ta taɓa cewa, "Iya, ɗakin nan yana ƙaurin fetur." Na ce, "Hancinki ya tsaya a naki ɗakin." Ba ta ƙara ba.

Cikin gidajen da nake shiga babu wanda na saba da shi kamar gidan Malam Hamisu. Matarsa Binta kamar 'ya take a wurina, ni na yi mata wankan jegon fari. Ran nan na shiga na tarar da ita zaune ta haɗa kai da gwiwa. Ta ce an sace injin Malam, ga tumatir ya fara fure, ga rana. Na zauna a tabarmarta, na sha ruwanta, na ce, "Allah ya tona asirin ɓarawo." Ta ce, "Amin, Iya, amin." Injin yana ƙarƙashin gadona a lokacin. Tumatirin nan kuwa ya ƙone kafin Malam ya sami aron wani.

Da ƙorafi ya yi yawa, 'yan sanda biyu na ofishin yankinmu suka zo tare da mai unguwa, domin wani ya ga baron Sale a ƙofata. Na fito zaure na tsaya musu. Na ce, "Ku da kuka yi boko, karanta mini abin da ke jikin bangon nan." Ƙaramin ya ce, "Ba shiga, Iya." Na ce, "To, matar aure ce a ciki, mijinta ba ya gari." Suka kalli juna, suka yi mini 'yan tambayoyi, suka tafi. Na koma ciki ina jin kaina kamar na kori zaki da tsintsiya. A tunanina rubutun nan ne ya kore su. Ashe takardar izinin bincike ce ba su zo da ita ba, kuma ba su manta da ni ba.

Kuskurena shi ne na ɗauka ɗan sanda abu ɗaya ne: namiji, baƙin kaya, takalmi mai nauyi. Ko ya sa babbar riga ina gane shi daga askinsa da tsayuwarsa. Don haka maza na sa wa ido.

Lokacin da tumatir ya cika kasuwa har ana zubarwa, mata kan zo daga wurare su sayi mai araha su yanka su shanya kauɗa. Cikinsu wata ta yi sallama a gidana, doguwa, da hijabi wanda ya sha wanki da silifa. Ta ce sunanta Talatu, an ce mata ina da zannuwa na hannu masu sauƙi. Na dube ta yadda na saba. Na kalli hannunta, ga tabon wuƙa da jan tumatir a farce. Na kalli dunduniyarta, ga kaushi ya tsage ta. Na ce a raina, wannan tamu ce, ta sha tafiya a kunyoyin gona.

Ta zo, ta sake zuwa. Tana da baki, ga ban dariya. Ta ci ɗanwakena ta ce, "Iya, yajin nan naki da faɗa kika daka shi?" Na ce, "In ya fi ƙarfinki ki koma garinku ki sha koko." Ta taya matar ɗana tsince shinkafa. Ranar da ta fara zama a bakin gadona sai ta shaƙi iska ta ce, "Kai, Iya, turaren ɗakinki na 'yan acaɓa ne." Na ce fetur ne nake ajiye wa ɗana. Ta yi dariya ta bar maganar. Can wata rana ta ce mijinta ya kama 'yar gona wajen Kadawa, amma sabon inji ya fi ƙarfinsa, ko na san inda ake samun na hannu. Sale ya sha ja mini kunne cewa kada in sayar wa kowa da inji ba da saninsa ba. Amma kwaɗayi ya ce mini, me zai sa kullum shi ya ci tsoka ni in ci ƙashi? Na tashi na sakaya ƙofa, na ɗaga zanen gado. Ta durƙusa ta leƙa, ta ce, "Ma sha Allah. Bari in gaya wa maigida."

Da hantsi washegari ta dawo, da hijabin nan dai, tare da wasu mata biyu. A waje na ji muryar mai unguwa. Na taso da sauri na ce, "Wane ne a zaure? Ba shiga." Talatu ta ce, "Iya, ba shiga ta maza ce, ni kuwa mace ce. Kuma yau ko mazan da takardar kotu suka zo." Ta nuna mini katinta. Ban iya karantawa ba, amma na ga hotonta cikin kaki. Ba ta ɗaga mini murya ba. Ta sa matar ɗana ta yafa mayafi ta koma gefe, sannan aka ce maza su shigo. Na ce, "'Yar nan, kin ci abincina." Ta ce, "Na ci, Iya, kuma ya yi daɗi. Amma akwai gidajen da ba a ɗora tukunya ba saboda abin da ke ƙarƙashin gadon nan."

Sai da aka kai ni Kano na gane yadda aikin yake. Ashe su ma kamar aikin gona ne, mai buɗe ruwa daban, mai jan sa cikin fangali daban, mai tsinka daban. Na ofishin yankinmu su suka tara ƙorafin manoma suka tura sama. A sama akwai waɗanda ba su da aiki sai bin sawun waya. Ba su taɓa taka ƙauyenmu ba, suna zaune a ɗaki gaban na'ura suka ga cewa duk lokacin da inji ya ɓata, wayar Sale sai ta nemi tawa. Su suka miƙa wa 'yan sandan ciki, masu farin kaya, su kuma suka turo Talatu, wadda ta tashi a gidan manoma, kaushinta na gaske ne. Tuni wasu dabam suka tare Sale a hanya da wanda yake saye.

Duk da haka na tsaya a kan cewa ajiya aka ba ni, ban san na sata ba ne. Ina da ƙwarin gwiwa, domin Sale yana goge lambar kowane inji da magagari kafin ya kawo. Sai aka kai injinan wurin wani mai farar riga, wanda shi kuma aikinsa ke nan. Ya shafa wa ƙarfen wani ruwa, lambar da aka goge ta taso kamar tabon tsohon miki. Aka kira manoma. Malam Hamisu bai ma jira lamba ba. Ya nuna nasa ya ce mariƙin igiyar tayarwa ya taɓa karyewa, ya yanko guntun muciyar matarsa ya ɗaura. Na kalli guntun icen nan. Ni na sayar wa Binta muciyar. Daga nan na daina musu.

Abu ɗaya na roƙa, na ce matar ɗana ba ta da hannu. Talatu ta ce sun sani tun tuni, ai ta zauna da mu. A kotu wani ɗan sandan ne kuma daban ya tashi ya jera maganar tun daga wayar farko, bai tsallake komai ba. Alƙali ya tambaye ni, na ce haka ne.

Ba zan ba ku labarin gidan yari don ku ji tausayina ba. Na tarar da 'yan mata sa'o'in jikokina, ni ce mai furfura a cikinsu, a kira ni in amsa, a ce zauna in zauna. Damina ta wuce ni a can, rani ya wuce, wani ya sake zagayowa. Abin da ya fi cina ba sauro ba ne, ba abincin ba ne. Addu'ar nan ce da na yi a tabarmar Binta. Na roƙa da bakina, ta ce amin da zuciya ɗaya, Allah kuwa ya karɓa. A can na tuba, na gyara sallata, na daina cewa Sale ne ya ja ni. Sale ya kawo, ni na buɗe ƙofa.

To, 'ya'yana, samari da 'yan mata, ku ji daga bakin wadda ta gani. In an miƙo muku kaya aka ce tsintuwa, ku tambaya, in amsar ba ta zauna muku ba ku janye hannu. Kada ku ce ai ajiya kawai na yi. Ba don mai ajiya ba, ɓarawo ba shi da inda zai kai. Kuma kada wayo ya ruɗe ku don kun iya gane ɗan sanda a bakin titi. Wanda kuke gani ɗaya ne cikin da yawa. Akwai mai bin wayarku, akwai mai tayar da lambar da kuka goge, akwai wadda za ta zauna ta ci ɗanwakenku ta yaba yaji. Na fi ku ido, kuma ban gan su ba.

Da aka sake ni, ban huta ba sai da na je gidan Malam Hamisu neman gafara. Na zo zan wuce ciki yadda ƙafata ta saba, sai ya taso daga kan buzunsa ya ce, "Iya, dakata a nan. Bari a kira ta." Binta ta fito da mayafi, ta gaishe ni a ladabce. Na faɗi abin da ya kawo ni, ta ce ta yafe, Malam ma ya ce ya yafe, kuma na yarda har zuciyarsu suka faɗa. Sai ta koma ciki ta kawo mini ruwa a kofi, ta ajiye a gabana a zaure, yadda ake yi wa baƙo namiji.

Na ɗaga kai na ga rubutun a jikin bango, wanda shi kaɗai na iya karantawa a duniya. Tun ina budurwa nake wucewa ta ƙarƙashinsa. Na shanye ruwan, na yi godiya, na juya. Har yau duk gidan da na je a garinmu, a zaure nake tsayawa in yi sallama, in jira a fito.